Wasan Mota da Tseren Babur a Ƙasar Hausa: Batun Fili, Ƙa'ida da Ran Ɗan Kallo

Wasan mota, a yadda aka san shi a garuruwan Hausa, shi ne direba ya tuƙa mota domin nuna gwaninta a gaban jama'a, ko dai ta hanyar sheƙa gudu, ko ta juya motar a wuri ɗaya har tayoyinta su yi hayaƙi, ko kuma ya sa bayanta ya zame a kan kwana alhali gabanta yana bin hanya. Takwaransa na babur ya haɗa da ɗaga kan mashin a tafi a kan tayar baya, da sakin hannu, da kwanciya a kan kujera ana cikin gudu, da tsere tsakanin samari biyu ko fiye. Lokutan da aka fi ganin waɗannan abubuwa sanannu ne, wato ranar kai amarya, da ranakun Sallah, da bikin kammala makaranta, da rakiyar 'yan siyasa, kuma a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Sakkwato mota ce ta fi jan ido, yayin da a yankin Bakolori, wanda ya ƙunshi Talata Mafara da Bakura da Maradun a jihar Zamfara, babur ne abin hawan da kusan kowane saurayi ke iya kaiwa gare shi. Babu filin da aka gina domin tseren mota a wannan yanki, saboda haka duk wasan da aka yi ana yin sa ne a kan hanyar da jama'a ke bi. A nan ne matsalar take, domin abin da ya fi kashe mutane a wannan wasa shi ne rashin iyaka tsakanin mai wasa da mai kallo, kuma hani kaɗai, ba tare da an ware wuri da ƙa'ida ba, bai cika kawar da wasan daga titi ba.

Kafin a yi hukunci a kan wasan ya kamata a fahimci abin da ke faruwa da motar. Mota tana bin umarnin sitiyari da birki ne saboda tayoyinta huɗu suna riƙe da ƙasa, kuma wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi faɗin tafin hannu ba. Mai wasan zamiya da gangan yake karya wannan riƙo a tayoyin baya, ta hanyar fizgar birkin hannu, ko sakin kuloci farat ɗaya yana danne da totur, sannan ya murɗa sitiyari zuwa ɓangaren da bayan motar ke zamewa domin ya hana ta juyawa gaba ɗaya. Motocin da injinsu ke tura tayoyin baya, kamar tsofaffin Mercedes da BMW, su ne suka dace da wannan, amma galibin motocin da ke hannun matasan Arewa, irin su Golf da Corolla da Civic, tayoyin gaba ne ke jan su, saboda haka zamiyarsu ta birkin hannu ce kawai, gajeriya, mai wuyar sarrafawa. Ma'anar wannan ita ce direba yana wasa ne a daidai gaɓar da motar ta daina jin magana, kuma ɗan yashi da iska ta zubo a kan kwalta, ko rami, ko taya ɗaya mai ƙarancin iska, ya isa ya mayar da zamiyar da aka yi niyya ta zama wadda ba a yi niyya ba.

Lissafin gudu yana ƙara fito da girman haɗarin. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa ɗaya tana cin kimanin mita 28 a kowane sakan, saboda haka a sakan ɗayan da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai kan birki ya riga ya shafe wannan tazara. Ƙarfin da ke cikin mota mai tafiya kuwa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ninkuwa ne sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu, shi ya sa motar da birki zai tsayar a cikin kimanin mita 14 idan tana tafiyar kilomita 50 a busasshiyar kwalta take buƙatar kusan mita 56 idan tana tafiyar kilomita 100, a kan burji ko tsakuwa kuma tazarar takan kusan ninkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan gaban mota ya buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Direba yana zaune cikin ƙarfe, wataƙila ma ya ɗaura bel, amma yaron da ya matso da wayarsa domin ya ɗauki hoto ba shi da komai tsakaninsa da tan ɗaya da rabi na ƙarfe sai rigarsa, kuma al'adar 'yan kallo a ko'ina ita ce da'irarsu ta riƙa matsewa yayin da wasa ke yin daɗi.

Tarihin tseren mota a duniya ya koyi wannan darasi da tsada. A ranar 11 ga Yuni 1955, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, motar Mercedes ta direba Pierre Levegh ta tashi sama ta tarwatse cikin taron jama'a, mutum fiye da 80 suka mutu, kuma abin da ke tsakanin hanya da 'yan kallo a wurin bai wuce ɗan tudun ƙasa da shinge ba. Ƙasar Suwizalan ta haramta tseren da'ira a dalilin haka, haramcin da ya shafe shekaru fiye da sittin. A watan Maris 1986, a gasar da ake yi a kan hanyoyin karkara a Fotugal, inda mutane kan tsaya a kan hanya su dare sai mota ta iso, wata Ford ta kutsa cikin jama'a ta kashe mutum uku ta raunata kimanin talatin, har manyan direbobi suka ƙi ci gaba da gasar, kuma bayan mutuwar direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa a tsibirin Kosika a watan Mayu na shekarar aka soke ajin motocin da waɗannan haɗurra suka shafa baki ɗaya. Ta ɓangaren direbobi ma haka abin ya tafi, domin mutuwar Ayrton Senna a Imola a ranar 1 ga Mayu 1994 ta sa an sake fasalin kwanoni da jikin motoci, mutuwar Dale Earnhardt a Amurka a 2001 ta sa an wajabta abin tallafar wuya da ake ɗaure wa hular kwano, sannan a 2018 aka wajabta baka na ƙarfe a saman kan direba a gasar Formula 1, wanda ake ganin shi ya ceci Romain Grosjean a Bahrain a 2020. Duk waɗannan gyare-gyare sun ginu ne a kan tunani ɗaya, cewa ƙwararren direba ma zai yi kuskure, don haka aikin mai shirya wasa shi ne ya tabbatar kuskuren bai zama ajali ba.

Daga wannan tunani ne aka samo abin da ake kira ranar fili, wato ranar da masu filin tsere ke buɗe shi ga mutanen gari waɗanda ba sana'arsu ce tsere ba, su biya kuɗi su shiga da motocinsu na yau da kullum. Tsarinta ya cancanci a dube shi dalla-dalla, domin shi ne mafi kusa da bukatar matasan Arewa. Kafin kowa ya taka totur ana tara direbobi a karanta musu ƙa'idoji, a duba lasisinsu, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon gogewa, kuma sabon shiga yakan fara ne da malami zaune a gefensa ko yana bin motar jagora a hankali domin ya san kwanoni. Kowa yana tafiya ta fuska ɗaya, babu mai tahowa daga gaba, babu mai tsallaka hanya, kuma a yawancin filaye ba a wuce mota a kan kwana, sai a miƙaƙƙiyar hanya bayan na gaba ya ba da alama. A gefen hanya akwai ma'aikata riƙe da tutoci, rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba a rage gudu, ja tana nufin an dakatar da zagayen, baƙa kuma tana kiran direba guda ya fito domin ya karya ƙa'ida ko motarsa ta sami matsala. A bayan kowace kwana an bar fili na tsakuwa ko kwalta domin motar da ta kuɓuce ta sami inda za ta rage gudu, bayan shi akwai tarin tsofaffin tayoyi da aka ɗaure da juna, bayan su akwai shingen ƙarfe, sai a bayan wannan duka ɗan kallo yake tsayawa. Motar asibiti da na'urar kashe gobara suna wurin tun kafin a fara, idan kuma motar asibitin ta tafi da wani, wasa yakan tsaya sai ta dawo. A Ingila masu shirya irin wannan rana sukan hana auna lokaci da agogo, saboda da zarar an fara ƙirga sakan abin ya koma gasa. Duk da haka ana mutuwa a filaye, kuma tsohuwar da'irar Nürburgring ta Jamus, mai tsawon kimanin kilomita 21, wadda ake buɗe wa jama'a a wasu ranaku, ta shahara da yawan haɗurra, sai dai wanda ya shiga ya shiga ne da saninsa, ba wanda ya fito sayen kayan miya ba ne.

Binciken mota kafin shiga fili shi ne sashen da ya fi shafar halin da ake ciki a Arewa. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi, kuma idan aka yi ta taka shi da ƙarfi a jere zafin yakan kai ga man birki. Sabon man birki na wani aji da aka saba amfani da shi ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma man yana shan danshi daga iska a hankali, kuma wanda ya daɗe a cikin mota yana iya tafasa a kusan digiri 155, idan kuwa ya tafasa sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa babu abin da ya kama. Kaɗan ne daga masu motoci ke canza man birki sai ya zube. Taya ma haka take, domin roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta, amma kasuwar Arewa cike take da tayoyin gwanjo da aka yar a ƙasashen sanyi, waɗanda ake ɗora wa motocin Kwatano a bi da su kan kwaltar Zamfara a watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40. Wasan zamiya yana cin tayar baya cikin 'yan mintuna, kuma fashewar tayar baya ana cikin juyi tana daga cikin hanyoyin da mota ke fita daga da'ira ta nufi jama'a.

Ƙasashe da dama sun fuskanci matasa masu wasan mota a titi, kuma hanyoyin da suka bi sun bambanta. A Amurka, inda samari ke tsere a titunan Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren miƙaƙƙiyar hanya a 1951 da manufar janye su zuwa wuraren da aka keɓe, tare da haɗin kan 'yan sanda. A Afirka ta Kudu wasan juya mota ya taso ne a Soweto a shekarun 1980, yana da alaƙa da jana'izar 'yan daba da motocin BMW na sata, amma a 2014 hukumar wasannin mota ta ƙasar ta amince da shi a matsayin wasa mai lasisi da ake yi a fili mai shinge. Saudiyya, wadda Hausawa suka fi sani saboda aikin Hajji da zaman ci-rani, ta daɗe tana fama da samari masu zamiya a manyan titunan Riyad, kuma a 2016 ta ɗaga tarar laifin farko zuwa Riyal 20,000 tare da tsare mota, amma ba ta tsaya nan ba, domin ta karɓi gasar Dakar daga 2020 da Formula 1 a Jidda daga 2021, ta kuma buɗe ƙofar gasannin cikin gida. Abin da ya haɗa misalan uku shi ne tsananta hukunci a titi da buɗe fili sun tafi tare, kowanne yana ƙarfafa ɗayan, domin jami'in da ya kama yaro yana iya nuna masa inda doka ta yarda ya yi wasansa.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar tseren mota ba ce, ko da yake yawanci ta gan shi ne yana wucewa. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ta tashi karon farko a ranar 26 ga Disamba 1978, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma shekaru da yawa hamadar Tenere ita ce zuciyarta, har Sabine ɗin kansa ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairu 1986. Gasar ta kawo kuɗi ga masu masauki da jagororin hamada, amma ta bar gawarwakin mutanen ƙauye waɗanda ba su sayi tikiti ba, cikinsu har da yara biyu da motoci suka kashe a Gini da Senegal a 2006, kafin barazanar tsaro a Muritaniya ta sa a soke ta a 2008 a mayar da ita Kudancin Amurka. Babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa manyan kuɗi da ƙwararrun direbobi ba sa kare ɗan kallo idan hanyar tsere ita ce hanyar gari. A Najeriya, bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya daɗe yana haɗawa da jerin gwanon motoci na gasa, kuma a 2020 an tashi motocin daga Abuja tare da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, wadda Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ke shugabanta a lokacin. Filin da aka gina musamman domin tsere kuwa yana Kudu, a Evbuobanosa ta jihar Edo, haka ma bukukuwan motoci na Ibadan da Ilara-Mokin, duk nesa da saurayin Maradun.

Amma tsarin raba mai gudu da mai kallo ba sai an aro shi daga waje ba, domin al'ummar da ta rayu da doki ɗaruruwan shekaru ta san shi. Kilisa da sukuwa ba a tsakiyar kasuwa ake yin su ba, kuma filin sukuwa na Kano da filin folo na Katsina, wasan da Sarki Muhammadu Dikko ya raya, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa, wurare ne masu iyaka da lokaci da shugabanni. A hawan Sallah, lokacin da mahaya ke sako dawaki a guje domin jinjina ga sarki, dogarai sun riga sun buɗe hanya sun tsayar da jama'a a gefe, kuma kowane ayari ya san lokacin fitowarsa. A Nijar gwamnati ta ɗauki kokawar gargajiya, wadda a da ake yi a dandalin ƙauye bayan girbi, ta mayar da ita gasar ƙasa tun daga Tawa a 1975, da filaye ginannu da alƙalai da likitoci, ba tare da wasan ya rasa armashinsa ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zauruka ma ya yi magana a kan alhaki, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke hawanta ko jan ta ko kora ta, kuma malaman zamani sun yi ƙiyasin direba a kan mahayi. A jihar Zamfara, wadda ta ƙaddamar da dokokin Shari'a a 2000, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, diyyar kisan kuskure, wadda asalinta raƙuma ɗari ne ko dinari dubu na zinariya, ba baƙon zance ba ce, sai dai sau da yawa iyayen wanda aka kashe sukan yafe, a ce ƙaddara ce. Yafiya halin kirki ce, amma idan ta zama abin da kowane mai ganganci ya tabbata zai samu, to ta cire masa tsoron da ya kamata ya riƙe ƙafarsa.

Halin yankin Bakolori yana da siffofi na kansa da ke sa wasa a hanya ya fi muni. Talata Mafara tana kusan tsakiyar babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, hanyar da tireloli da tankokin mai da motocin haya ke bi dare da rana, kuma ranar kasuwa gefenta yakan cika da masu talla da dabbobi da amalanke. Madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978 ta zo da magudanan ban ruwa da hanyoyin burji da ke bin gefensu, waɗanda miƙewarsu ke jan hankalin mai babur, amma hanyoyi ne na manoman shinkafa da masu ɗauko kayan lambu da yara masu kiwo, a gefe ɗaya kuma ruwa ne mai zurfi, wanda mahayin da ya faɗa ciki a sume ba zai iya fita ba. Wanda ya sami mummunan rauni a kai ko a ƙashin baya yakan buƙaci a wuce da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar da ta haura awa ɗaya a hanyar da ba kowane lokaci ake iya binta ba saboda 'yan bindiga. Matsalar tsaron ta kuma sa babur ya zama abin zargi, har gwamnatin jihar ta taƙaita zirga-zirgarsa da sayar da mai a 2021, saboda haka taron samari a kan babura a bayan gari yana iya jawo fassarar da ta fi faɗuwa haɗari.

Wannan ya sa ba hikima ba ce a yi maganar gina da'irar kwalta ta biliyoyin Naira a yankin da makarantu da asibitoci ke neman gyara, kuma duk wanda ya san abin da ya faru a Bakolori a Afrilu 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ya ci, ya san cewa karɓar ƙasar noma domin wasa ba abin da za a ko fara ba ne. Abin da ke yiwuwa ƙarami ne kuma mai arha. Fili ne da ya riga ya zama na hukuma, wanda za a share a zagaye da tsofaffin tayoyin da ke jibge a wurin masu faci, a ja igiya ta biyu nesa da su domin 'yan kallo, a shiga da abin hawa ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma gina gasar a kan iya sarrafawa maimakon gudu, kamar ratsa tsakanin alamomi, da juyawa a ƙunci, da tsayawa daidai kan layi, da tafiyar hawainiya a kan babur ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba. Irin wannan gasa ba ta buƙatar gudun da ya wuce kilomita 40 ko 50, kuma a nan ne ake gane gwani na gaskiya. Masu iya riƙe ta suna nan, wato ƙungiyoyin 'yan acaba da na direbobi, waɗanda suka san mambobinsu kuma suke iya hukunta su, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, da hukumar kula da zirga-zirga ta jihar, da masarautu, sannan ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara tare da kanikawan gari suna iya duba birki da taya da sarƙa kafin a shiga.

Hular kwano ita ce ƙa'idar da za ta fi wuyar tabbata. Lokacin da aka fara tilasta ta a Najeriya a ranar 1 ga Janairu 2009 an ga 'yan acaba da suka kifa ƙwarya a kai domin kauce wa kamu, kuma dalilan ƙin ta, wato zafi da tsada da ƙyamar sa hular da wani ya cire, har yau ba su gushe ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Fili yana da wata dama da titi ba shi da ita, domin a ƙofarsa ana iya cewa wanda bai sa hula ba ba zai shiga ba, kuma idan samarin da yara ke sha'awa suka bayyana da ita tana iya zama alamar gwaninta.

Akwai hujjoji masu nauyi da ke adawa da wannan shawara ta ware fili, kuma bai dace a raina su ba. Wasu malamai da iyaye suna ganin ware fili tamkar halatta almubazzaranci ne, musamman bayan cire tallafin mai a Mayu 2023, lokacin da lita ɗaya ta zama abin lissafi a gidan talaka. Hujja mafi ƙarfi kuwa daga bincike ta fito, domin a Norway da Finland, inda aka sa koyon sarrafa mota a kan santsi cikin darussan lasisi, an lura cewa haɗurran samari maza a kan hanya mai santsi ba su ragu ba, a wasu wuraren ma sun ƙaru, saboda horon ya ƙara musu yarda da kai fiye da yadda ya ƙara musu iyawa. Don haka ba daidai ba ne a tallata filin wasa a matsayin makarantar kiyaye haɗari, kuma amfaninsa na haƙiƙa shi ne ya ɗauke wasan daga inda yara da tsofaffi suke. Wannan amfani ma ba ya samuwa sai an tsananta a titi, an daina sakin mota saboda waya daga wani babba, an kuma ɗora wa mai biki alhakin abin da ayarin amaryarsa ya aikata a hanya.

Saura abin da ake yi bayan an faɗi, wanda a nan ne kyakkyawar niyyar jama'a ke yawan yin ɓarna. Al'adar da aka saba ita ce a ruga a ɗaga wanda ya faɗi, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a naɗe shi a bayan mota ko a tsakiyar mutum biyu a kan babur, alhali idan ƙashin wuyansa ko na bayansa ya tsage wannan ɗagawar ce ke iya yanke lakar da ta rage, ya wayi gari ba ya motsa ƙafa. Abin da ya dace shi ne a riƙe kansa daidai da jikinsa, kada a fizge hular kwano sai idan numfashi ya tsaya, a danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi da tauri kamar ƙyauren ƙofa, kuma wanda ya suma ko ya yi amai bayan bugun kai asibiti za a kai shi ko da ya miƙe yana magana, domin jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali. Masu ɗori suna da matsayinsu a karayar da fata ba ta fashe ba, amma karayar da ƙashi ya fito waje, ko ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi suka canza launi, sukan ƙare da yanke hannu ko ƙafa a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma tana da lambar kira ta kyauta, 122, saboda haka sharaɗin farko da ya kamata ƙaramar hukuma ta gindaya wa duk mai neman izinin shirya wasa a Mafara ko Bakura ko Maradun shi ne ya nuna motar asibiti da ma'aikacin jinya a bakin fili, da sunan asibitin da aka riga aka sanar, da kuma takardar da ta fayyace wanda zai biya kuɗin magani da diyya idan abin hawa ya tsallake shinge.